Ina rubuta fim kan matar da ta sa aka yi kwafin mijinta da ya rasu: me zai yiwu, me ba zai yiwu ba?

Tambaya: Wata 'yar'uwa daga Agege, a nan Legas, ta rubuto cewa tana rubuta labarin fim. A labarin, wani dillalin shanu na abbatuwar Oko-Oba ya rasu a hatsarin mota a hanyar Legas zuwa Ibadan. Matarsa ta kasa dangana, ta sayar da gwala-gwalanta, ta kai wa wani likita gashin gemunsa da ya maƙale a mataji. Bayan wata shida likitan ya dawo mata da shi, babban mutum, yana tuna komai. Tana tambaya ko hakan na iya faruwa, kuma ta yaya za ta gyara labarin ya zauna daidai a ilimance da addinance ba tare da ya daina taɓa zuciya ba.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah Ya yi wa alƙalaminki albarka. Za mu faɗa miki gaskiya tun daga farko: gashin mataji, da wata shida, da dawowar mutum da tunaninsa, babu ɗaya daga cikinsu da zai yiwu. Amma kada ki yaga takardun. Abin da ilimi ya ce zai faru a irin wannan gida ya fi abin da kika rubuta cin rai, kuma a nan fim ɗinki yake.

Kwafin halitta, wanda malaman fiƙihu ke kira istinsakhi, ba ya tayar da mamaci. Jariri ake samu. Zai yi wata tara a ciki, a haife shi, ya yi rarrafe, a yaye shi, ya koyi magana daga bakin waɗanda ya tarar. DNA ɗinsa, wato sinadarin gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki, iri ɗaya ne da na marigayin, kamar yadda yake tsakanin Hassan da Hussainin da suka fito daga ƙwai ɗaya, sai dai wannan Hussainin ya zo ne bayan shekara talatin da wani abu. Duk wanda ya zauna da tagwaye masu kama ya san kowanne da halinsa, har zanen yatsunsu ba ɗaya ba ne. Tuna baya kuwa ba a cikin DNA yake ba. Yana cikin haɗuwar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da mutum ya gina a tsawon rayuwarsa, kuma wannan yana tafiya tare da mai shi. Yaron ba zai san ranar ɗaurin aurensu ba, ba zai san cinikin sa a kara ba, kuma ba zai san matar ba sai a matsayin uwar da ta ba shi nono. Ki yi lissafin shekaru ma: idan mijin ya rasu yana da 35, ita tana da 28, aka haifi yaron bayan shekara 2, ranar da zai kai kamannin mijin da ta rasa ita tana da 65.

Ko kamannin jiki ba ya cika ɗari bisa ɗari. Kyanwar farko da aka yi kwafinta, wadda aka haifa a watan Disamban 2001 a Jami'ar Texas A&M da ke Amurka, ta fito da launin gashi dabam da na kyanwar da aka ɗauko ƙwayar daga jikinta.

Sai maganar gashi. Aikin yana buƙatar ƙwayar halitta mai rai, wadda cibiyarta, wato tsakiyarta, take cikakkiya da kuromosom 46, waɗanda su ne ƙunshin DNA. Silin gashi da farce matattu ne. Saiwar gashin da ta bushe a mataji, ko jinin da ya bushe a riga, za su iya isa gwajin DNA don a gane ko wane ne, amma DNA ɗin ya kakkarye, ba a gina jariri da shi. Maniyyin da aka ajiye ma ba kwafi zai bayar ba, domin kuromosom 23 ne kawai a cikinsa, ɗa na yau da kullum zai haifar. Naman da asibiti ya yanka don gwaji ya jiƙa a ruwan fomalin shi ma ya mutu. Abin da masu kwafin dabbobi ke ɗauka shi ne ɗan guntun fata, milimita 3 zuwa 4, daga mai rai ko daga gawar da ba ta wuce 'yan kwanaki a firiji ba. Firiji muka ce, ba firiza ba, domin ƙanƙara tana fasa ƙwayoyin. An taɓa samun akasin haka a Japan a 2008, inda aka yi kwafin ɓeraye daga gawar da ta shekara 16 a daskare, amma wannan aikin gwanaye ne a kan ɓera, kada ki jingina labarinki da shi.

A nan al'adarmu ta shigo, kuma ita ce za ta ba ki mafita. Musulmi ba ya kwana idan da hali; wanda ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. To yaushe aka ɗauki fatar? Hanya biyu ce. Ko dai marigayin ya taɓa jinyar da ta sa aka ajiye ƙwayoyin jikinsa da rai, misali jinyar ƙuna da aka yi rainon fata dominta a ƙasar waje, ko kuma gawar ta kwana a mutuware. Ta biyun ta fi dacewa da Legas. Jihar tana da dokar binciken mace-mace ta 2007, wadda ta tanadi a binciki mutuwar da ta zo kwatsam ko ta hatsari, kuma kowa ya san yadda dangi ke kai-komo, har da sa bakin shugabannin al'umma, don a saki gawa a yi mata sutura. Wannan dare ɗaya da gawar ta yi a firiji shi ne ƙofar labarinki. Sai dai ki lura, a hanyar Ibadan da an wuce Berger, bakin iyakar Legas, an shiga Jihar Ogun, saboda haka ki dawo da hatsarin cikin gari, a Oshodi ko a titin Agege. Kuma ki ga abin da wannan ya jawo: an taɓa jikin mamaci ba da izininsa ba, alhali hadisi ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Tun kafin a yi sadakar uku matar ta ɗauki sirrin da zai bi ta har ƙarshen fim.

Ga yadda aikin yake a ɗakin gwaji, don kada darakta ya cika miki sin, wato fitowa ɗaya ta fim, da kwalabe masu tafasa da hayaƙi. Guntun fatar ana sa shi a ɗan faranti mai ruwan abinci, a ajiye a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37, da iskar kabon kashi 5 zuwa 6 cikin 100. Cikin mako biyu zuwa uku ƙwayoyin za su yaɗu su rufe farantin. Idan za a adana su, sai a gauraya su da maganin da ke hana ƙanƙara fasa su, a sanyaya a hankali, kimanin digiri ɗaya a minti, sannan a tsoma a tankin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A haka suna iya shekaru da yawa; a Amurka an haifi wata dabbar daji mai kama da tunku a Disamban 2020 daga ƙwayoyin da aka ajiye tun 1988. Tankin ba ya aiki da lantarki, ƙarin ruwan naitirojin kawai yake buƙata a kai a kai. Saboda haka idan kina son sin na tashin hankali da ɗauke wuta, ki sa shi a kan akwatin ɗumi da janareton da ya ƙi tashi. Haɗarin tanki kuwa shi ne mantuwa, ko kuɗin ajiya da ba a biya ba.

Daga nan sai ƙwan mace. Ana yi wa mace allurar sinadarin haihuwa kullum na kwana 10 zuwa 12, a ba ta maganin barci, a zuƙo ƙwan da doguwar allura ana kallo ta na'urar sikanin. Yawanci ana samun 10 zuwa 15 a zagaye ɗaya. Girman ƙwan kimanin kashi ɗaya ne cikin goma na milimita. Ma'aikacin yana zaune ne gaban madubin hangen ƙananan halittu, hannuwansa a kan wasu maɓallai biyu da ke juya allurai na gilashi. Ɗaya ta riƙe ƙwan, ɗayar ta huda shi ta zuƙe kuromosom ɗin matar, a bar shi fanko. Sai a cusa ƙwayar fatar marigayin a gefensa, a haɗe su da ɗan bugun lantarki, a zuba magungunan da za su sa ƙwan ya fara rabuwa kamar an yi masa barbara. Wani abu da zai yi kyau a bakin likitanki: masanan da suka fara samar da ƙwayoyin asali na ɗan Adam, wato masu iya zama kowane irin ƙwayar jiki, ta wannan hanya a Oregon a 2013, ƙarƙashin Shoukhrat Mitalipov, sai da suka sa sinadarin kafin, wanda ke cikin kofi, kafin ƙwan ya daina lalacewa a hannunsu. Amma ba su dasa wa kowa ba. Idan ɗan tayin ya rayu kwana 5 zuwa 6, sai a sa shi a mahaifa da siririn roba, ba tiyata, mintoci kaɗan. Bayan kusan mako biyu a yi gwajin ciki. Rabin wannan aiki, wato allurai da ɗiban ƙwai da dashe, shi ne abin da asibitocin IVF, wato masu haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji su dasa a mahaifa, ke yi kullum, kuma Legas ta daɗe da saninsa, tun shekarun 1980 da Farfesa Oladapo Ashiru da Farfesa Osato Giwa-Osagie suka fara shi a asibitin koyarwa na Idi-Araba.

Inda ake faɗuwa shi ne nan. Kowace ƙwayar fata tana ɗauke da cikakken DNA na mutum, amma ta kulle duk sassan da ba na aikin fata ba. Dole ƙwan ya buɗe su duka cikin 'yan sa'o'i, ya mayar da ita kamar ranar farko, kuma yawanci ba ya gama aikin. Shi ya sa yawancin 'yan tayin ke tsayawa a faranti, waɗanda aka dasa su ƙi kamawa, waɗanda suka kama su zube. Mabiyiya ita ta fi samun matsala, takan yi girma fiye da kima ko ta kasa ciyar da ɗan. A shanu da tumaki an sha haifar 'ya'ya masu girman da ya wuce misali, da ciwon huhu da na zuciya, su mutu a kwanakin farko. Tunkiya Dolly, wadda aka haifa ranar 5 ga Yulin 1996 a Cibiyar Roslin kusa da Edinbura, ita kaɗai ta tsira daga ƙwai 277. 'Yan tayi 29 aka dasa wa tumaki 13. Karen farko, a Koriya ta Kudu a 2005, ya ci 'yan tayi 1,095 da karnuka mata 123, aka haifi biyu, ɗaya ya mutu bayan mako uku. Birai, waɗanda suka fi kusa da mu a tsarin jiki, sai a ƙarshen 2017 aka samu biyu a Shanghai: 'yan tayi 79, uwaye 21, ciki 6, haihuwa 2, kuma daga ƙwayoyin ɗan tayi aka yi su. Da masanan suka gwada da ƙwayoyin babban biri, 'ya'ya biyun da aka haifa ba su daɗe ba suka mutu. Ki riƙe wannan, domin marigayinki babban mutum ne.

Malama, ki tsaya a kan waɗannan lambobi, domin a cikinsu akwai mutanen da labarinki bai sa ba tukuna. Ƙwai 277, idan kowace mace ta ba da 12, mata sama da ashirin ke nan. Su wane ne? A gari irin Legas ba sai an faɗa ba: ɗalibai da 'yan matan da kuɗin haya ya ƙure wa, waɗanda za a yi wa allura har cikin wasu ya kumbura da ruwa a kwantar da su. Sannan cikin da ya zube, na wa ne? Idan jarumarki ita ce ke ɗauka, ki ba ta ɓari biyu ko uku kafin a dace. Matar da ta shiga wannan hanya don gudun rashi ɗaya za ta binne shi sau uku. Idan wasu mata ne aka biya, ki ba ɗaya daga cikinsu fuska da murya da gida. Fim ɗin da ya nuna hawayen bazawarar kaɗai ya ɓoye waɗannan mata bai yi adalci ba.

Har yau babu wani ɗan Adam da aka tabbatar an haifa ta wannan hanya. Wani kamfani mai suna Clonaid ya yi iƙirari a Disamban 2002, bai taɓa kawo hujja ba. Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya wallafa a 2004 da 2005 cewa ya samar da ƙwayoyin asali daga kwafin ɗan tayin mutum, daga baya aka gano ƙarya ce, har da ɗibar ƙwai daga matan da ke aiki a ƙarƙashinsa. Wannan ya buɗe miki wata hanya mai sauƙin kuɗi: likitan ya zama macuci, yaron ba kwafin kowa ba ne, uwar ce kawai ke ganin mijinta a fuskarsa. Labari ne mai kyau. Amma in ra'ayinmu kike so, wanda aikin ya yiwu da gaske ya fi nauyi.

Dole likitanki ya yi aikinsa a ɓoye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 50, ta hana kwafin ɗan Adam da shigo da ɗan tayi ko fitar da shi daga Najeriya, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla shekara 5 ne ba zaɓin tara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar hani a Maris 2005, ko da yake ba mai tilastawa ba ce. Ta ɓangaren addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1997, ta haramta kwafin ɗan Adam ta kowace hanya, ta haramta shigar na uku tsakanin miji da mata, ko da mahaifa ne ko ƙwai ko maniyyi ko ƙwayar jiki, ta kuma halatta amfani da fasahar a kan dabbobi da tsirrai idan akwai maslaha. Raƙumar farko ma a Dubai aka yi kwafinta, a 2009. Kuma ko dashen IVF na yau da kullum, jumhurin malaman Sunna sun halatta shi ne muddin igiyar aure na nan, mutuwa kuwa ta yanke ta.

Kada ki mayar da malamin fim ɗinki injin wa'azi. Ki ba shi tambayar da za ta hana shi barci. Matar ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta fita, an raba gado ta karɓi tumunin takaba tunda akwai 'ya, da shi ta biya likita. Bayan shekara ɗaya da wani abu sai ga ciki, ba miji. Kin san abin da unguwa za ta ce, kuma ita ba ta da bakin kare kanta, domin gaskiyar ma laifi ce a doka. Ranar suna an taru a ƙofar gida, an kawo goro da dabino, malam ya tambaya: ɗan wa za a raɗa wa suna? A jini, iyayen yaron su ne iyayen marigayin, wato surukanta. A Alƙur'ani, Suratul Mujadala aya ta 2, uwa ita ce wadda ta haifa, ga kuma shayarwa a kai, saboda haka shi muharraminta ne har abada. Gado ba shi da shi daga marigayin, domin ba ya raye kuma ba ya ciki ranar rasuwar. Idan wani daga dangi ya nemi gwajin DNA, sakamakon zai ruɗa kowa: zai nuna matar da ta haife shi ba uwarsa ba ce, in ban da ɗan DNA na cikin ƙwai mai bin layin uwa idan ƙwanta aka yi amfani da shi, sannan ya nuna jaririn da ke goye shi ne mahaifin yarinyar nan 'yar shekara takwas da ke masa wasa. Gwajin da aka saba yi ba ya bambanta tagwayen ƙwai ɗaya. Takarda guda ɗaya a hannun ƙanin marigayi ta isa ta riƙe rabin fim.

Akwai wadda ya kamata ki ƙara wa matsayi: uwar marigayin. Matar ba ta taɓa ganin mijinta yana jariri ba, da gemunsa ta san shi. Mutum ɗaya ne a duniya ya san wannan fuskar tana kwana bakwai. Ki sa tsohuwar ta taso daga Sakkwato da fushinta, ta zo ganin abin kunyar da ta ji labari, a miƙa mata yaron tana kawar da kai, sannan ta duba. Ta juya kunnensa, ta buɗe tafin ƙafarsa, ta ɗaga kai ta dubi surukarta. Kada ki sa mata magana mai yawa. Kuma kada ki yi amfani da tawadar Allah ko tabo a matsayin shaida, domin ba sa bin DNA. Siffar kunne da hanci da goshi su ne abin dogaro.

Alkunyarmu ma tana yi miki aiki kyauta. Mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma idan aka mayar wa yaro sunan wanda ake jin nauyinsa sai a sakaya, a ce Abba ko Mai Suna. Ki lura da wane laƙabi jarumarki ke kiran yaron, da ranar da bakinta zai suɓuce ta kira shi da abin da take kiran mijin. Nan ne iyakar inda ya kamata labarin ya je ta wannan fuska. Duk wani abu da ya karkata zuwa soyayyar aure tsakaninsu zai kashe fim ɗin a wurin masu kallo da masu tacewa, kuma ba shi ne ciwon gaske ba. Ciwon gaske na yaron ne, wanda aka haifa don ya cike gurbin wani. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe suna rubutu a kan irin waɗannan yara. Mai zanen nan na Holan, Vincent van Gogh, an haife shi ranar 30 ga Maris 1853, shekara ɗaya cif bayan wansa da aka haifa ba rai, aka ba shi sunansa, kabarin wan kuma yana harabar cocin da mahaifinsu ke limanci. Maƙwabtanmu Yarbawa sukan sa wa yaro Babatunde bayan rasuwar kaka, mu ma mukan mayar da suna, amma babu wanda ke tsammanin yaron ya ci irin abincin mamaci ko ya yi dariya irin tasa. Jarumarki ita tana tsammani. Za ta dama masa fura ya ture ya ce burodin Agege yake so, ta kai shi abbatuwa ya ga jini ya yi kuka, ta sa masa hular babansa ya cire.

Shi ma baƙin cikinta ki rubuta shi da sani. Kuka ba rashin imani ba ne. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Abin da ke damun jarumarki ya wuce wannan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa dogon jimami a jerin cututtukanta, wato wanda ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa. Ki nuna shi da ƙananan abubuwa: tana sa wa layinsa kati don kada kamfani ya ba wani lambar, tana sauraron saƙon muryarsa na WhatsApp inda yake cewa ya kusa isowa a ajiye masa abinci, an yi arba'in dangi sun ce ta koma Arewa ta ƙi barin ɗakin. Kuma ki sa wani a labarin, ƙawa ko yayarta, ya ce mata ta ga likitan ƙwaƙwalwa, domin akwai masu kallon da ke cikin wannan hali.

Wajen ɗauka, idan za ki kai yaron ga girma, jarumi ɗaya ne zai fito a marigayin da kuma kwafin, amma ki raba su a fili. Marigayin ya taso a ƙauye, Sakkwatanci ne a bakinsa, yana da tabon sallah a goshi da kantar igiya a hannu. Yaron ɗan Agege ne, Hausarsa gauraye da Yarbanci da buroka, wataƙila ma ya fi shi tsawo saboda bambancin abinci. Sai dai shekara ashirin tana nufin dole Legas ta canza a idon kyamara, waya da motoci da tituna, kuma wannan kuɗi ne. Gadar Pen Cinema da jirgin ƙasan da ke tsayawa a Agege kaɗai sun isa su tona asirin shekarar da kika ce ana ciki. Mafi sauƙi ki tsayar da labarin yana ɗan shekara 9 ko 10, lokacin da yaro ke fara tambayar ina babansa, yana kuma jin gorin 'yan makarantar allo. Jariri ɗaya, yaro ɗaya, da tsohon hoton marigayin yana ƙarami wanda kaka ta zo da shi, sun wadatar.

Abu biyu muke roƙon ki guje wa. Kada ki mayar da yaron marar ruhi ko mugu mai jajayen idanu. Duk yadda aka same shi, ɗan Adam ne cikakke, kuma laifin hanyar ba nasa ba ne. Kada kuma ki kashe shi da tsufan wuri don ki samu ƙarshe mai sauƙi. Dolly ta mutu a Fabrairun 2003 tana da shekara 6 saboda ciwon huhu na ƙwayar cuta da ke kama tumaki, bayan ta haifi 'ya'ya shida, kuma tumaki huɗu da aka yi daga ƙwayoyi iri ɗaya da nata an duba su a Nottingham a 2016 suna da shekara 9, an same su lafiya gwargwadon shekarunsu. Haɗarin yana cikin goyon ciki ne da kwanakin farko. Idan ya tsallake su, ki bar shi ya rayu, ki rubuta sin ɗin da ya fi wuya: ranar da zai tambaye ta, da abin da za ta iya faɗa masa.

Kafin ki shiga lokeshin, ki nemi izinin ɗauka daga Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Legas, bayan an gama kuma ki kai wa hukumar tacewa ta ƙasa ta ba shi rukuni. Idan za a haska a Kano, can ma suna da tasu hukumar da sharuɗɗanta. Kada allon wani asibiti na gaske ya fito a sin ɗin likitan, kuma ki karɓi amincewar iyayen yaran da za su fito a rubuce. Hoton allura na huda ƙwai da za ki saya, ki tabbatar na cire cibiya ne, domin yawancin wanda ake samu na cusa maniyyi ne, kuma duk ma'aikacin IVF zai gane. Rubutun kansa ki ba mutum uku su karanta kafin darakta ya gani: ma'aikacin ɗakin gwajin IVF ya duba sin ɗin asibiti, malamin da ya san rabon gado da nasaba ya duba na ranar suna da na takardar DNA, sannan wata mata da ta yi takaba a nan Legas, nesa da danginta, ta duba kwana arba'in na farko.